Wane ƙirƙirarren harshe ne ke ɗauke da siffar da kake nema?

Ɗaliban kimiyyar harshe a nan Gombe, da matasan marubuta masu son ba mutanen cikin labarinsu harshe na kansu, sukan yi tambaya iri ɗaya: a cikin ƙirƙirarrun harsuna wane ne ya fi? A haka tambayar ba ta amsuwa. Wanda ya shiga Tudun Hatsi neman wake sai ya san ko na shuka yake so ko na tukunya kafin ya tsaya gaban buhu. Mai neman harshen da zai yi hira da mutanen wata ƙasa daban yake da mai neman misalin karin sauti don kundin kammala digiri, su biyun kuma daban suke da mai rubuta labarin wata masarauta da ba a taɓa yi ba. Harshen da zai gamsar da ɗaya zai ɓata wa ɗayan lokaci.

Abin da ake nufi da ƙirƙirarren harshe shi ne wanda mutum ɗaya, ko wasu 'yan mutane, suka zauna suka tsara masa sauti da nahawu da kalmomi da gangan. Zaurance ba ya cikin wannan sahu, domin Hausa ce aka cusa wa gaɓoɓi, nahawunta yana nan yadda yake.

Shawarata ta farko ita ce ka gane siffar da kake nema a harshen da ke bakinka kafin ka je nemanta a na wani. Mu a Gombe mun yi sa'a ƙwarai ta wannan fuska. Bahaushe yana rarrabe wuyan jiki da wuyar aiki da karin sauti kaɗai, haka kukan jariri da kukar miya. Yana rarrabe garin da ake zama da garin tuwo da tsawon wasali. Yana da ƙ da ts, waɗanda malaman tsarin sauti ke kira tunkuɗau, yana da ɓ da ɗ, haɗiyau. Yana bambanta kai da ke, abin da Ingilishi ba ya yi. Maƙwabcinsa Bafulatani yana sauya baƙin farkon kalma idan zai yi jam'i, gorko ya koma worɓe, debbo ta koma rewɓe, yana kuma da "mu" iri biyu, wanda ya haɗa da wanda ake yi wa magana da wanda ya ware shi. Tangale na Billiri da Kaltungo yana da jituwar wasula, wato wasulan da ke cikin kalma ɗaya sai sun kasance 'yan rukuni ɗaya. Yawancin abubuwan da masu ƙirƙirar harshe a Turai da Amurka ke ɗauka baƙi ne, muna jin su kullum a tasha da kasuwa. Wanda ya san haka yana da ma'auni a hannu, ba za a ruɗe shi da dogon suna ba.

To, ina ake nema? Yawancin mutane da Wikipedia suke farawa, inda aka jera harsunan bisa manufarsu: na haɗa kan al'ummai, na fasaha da labarai, na gwajin tunani. Jerin yana da amfani wajen sanin sunaye da shekaru, amma ba a tsara shi bisa siffa ba. Idan karin sauti kake nema, sai ka buɗe shafi bayan shafi, kuɗin data ya ƙare ba ka gama ba.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne WALS, taswirar siffofin harsunan duniya da ta fito a matsayin littafi a 2005, aka sa ta a intanet a 2008, kyauta. Harsunan al'umma ta ƙunsa, sama da 2,600, Hausa na ciki, babu ruwanta da ƙirƙirarru. Amfaninta gare ka shi ne ta koya maka yadda masana suka yanka kowace siffa, da sunan da suke kiranta, da yawanta ko ƙarancinta a duniya. Daga nan sai CALS, wadda aka gina bisa tsarin WALS amma don ƙirƙirarrun harsuna. A can kana iya zaɓar siffa ɗaya, a jero maka harsunan da aka ce suna da ita. Ita ce ta fi kusa da abin da mai wannan nema yake so, sai dai tana da rauni biyu da ya kamata a sani. Masu harsunan da magoya bayansu ne ke cike bayanan da kansu, ba wani kwamitin masana ba. Sannan da yawa daga harsunan da za su fito maka zane ne kawai na shafi biyu ko uku, ba su da kalmomin da za su isa a rubuta wasiƙa. Ka ɗauki abin da CALS ta ba ka a matsayin sunayen da za ka bincika, hukunci kuma sai ka ga littafin nahawun harshen da idonka. Haka ma idan manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira ka tambaya: tana iya ba ka sunaye masu kyau, tana kuma iya jingina wa harshe siffar da ba shi da ita, cikin magana mai santsi. Duk waɗannan wurare da Ingilishi suke aiki, don haka ɗalibin da ya karanta nahawu da Hausa zai amfana da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da aka buga a 1990, ya daidaita sunayen da ya sani da waɗanda zai rubuta a wurin nema.

Idan ka samu sunan harshe, abu uku nake so ka tambaya. Siffar dole ce a cikinsa ko ganin dama? Akwai muryar da aka naɗa, ko a takarda kawai take? Akwai dogon rubutu ko mutanen da ke amfani da shi, yadda za ka ga siffar tana aiki a cikin zance? Da waɗannan tambayoyi zan auna harsunan da ke tafe.

Mu fara da karin sauti, tunda shi aka fi tambaya. Harsunan da aka ƙirƙira don haɗa kan duniya sun guje shi da gangan, saboda masu su sun ɗauke shi wahala ga mai koyo. Wanda ya rungume shi a fili shi ne Láadan, wanda masaniyar harshe Suzette Haden Elgin ta Amurka ta fara a 1982. Kari biyu yake da shi, na sama da na ƙasa, ana ɗora alama a kan wasalin da ke da na sama, abin da rubutun Hausa na yau da kullum ba ya yi. Ga kunnen Bahaushe wannan ba komai ba ne. Ɗalibin da ke son kwatanta karin sautin Hausa da na ƙirƙirarren harshe zai samu abin rubutawa, amma kada ya sa ran zurfi: a Hausa kari yana shiga cikin nahawu har wuya, yana bambanta umarni da labari, yana tafiya da ajin aikatau da siffar jam'i, kuma Láadan bai kai can ba.

Abin da ya sa nake daraja Láadan wani abu ne daban. A ƙa'idarsa, jimlar labari tana ƙarewa da 'yar kalmar da ke nuna inda mai magana ya samo zancen. Kalmar wa na nufin ni na gani ko na ji da kaina. Wi na nufin abu ne bayyananne ga kowa. We a mafarki na gani. Wáa na ji daga wanda na amince da shi, waá na ji daga wanda ban amince da shi ba. Dubi waɗannan biyun na ƙarshe: baƙi ɗaya, wasula ɗaya, wurin da karin sama ya sauka ne kaɗai ya raba amintaccen labari da abin tuhuma. Muna da irin wannan a Hausa, muna cewa wai, muna cewa an ce, muna cewa ashe idan abu ya zo mana ba zato. Bambancin shi ne mu muna iya barin su, mu faɗi jita-jita da muryar wanda ya gani da ido. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san nauyin da ake ba tambayar "wa ya faɗa maka", kuma duk wanda ya ga yadda saƙon ƙarya ke yawo a WhatsApp lokacin zaɓe ko annoba zai gane dalilin da ya sa harshen da ya wajabta wannan ya burge ni.

Lojban ma yana da irin waɗannan kalmomi, kuma masu shi sun faɗa cewa Láadan na cikin inda suka samo tunanin. Kalmar za'a a Lojban na nufin na gani da kaina, ti'e ji na yi, pe'i ra'ayina ne. Amma a Lojban ganin dama ne, kana iya yin jimla ba tare da su ba. Saboda haka wanda ke binciken abin da wajabci ke yi wa mai magana, Láadan zai nufa. Wanda kuma ke son mutanen da zai gwada abin da su a yau, Lojban ya fi masa, domin masu amfani da shi sun fi yawa kuma rubutunsa ya fi yalwa. Elgin ta rasu a 2015, harshenta bai taɓa tara jama'a mai yawa ba.

Shi Lojban abin da ya keɓanta da shi daban ne. Wata ƙungiya ce ta fara shi a 1987, bisa tushen wani ƙirƙirarren harshe mai suna Loglan da James Cooke Brown ya soma a 1955, cikakken nahawunsa kuma ya fito a 1997. An tsara shi yadda kowace jimla hanya ɗaya tak ake iya feɗe ta, har kwamfuta na iya yi. A Hausa idan ka ce "tsofaffin maza da mata", ba a san ko matan ma tsofaffi ne ba. Ginin jimlar Lojban ba ya barin irin wannan harshen damo. Kowace saiwa tana zuwa da gurabenta a jere: klama na nufin wane ya tafi wuri kaza, daga wuri kaza, ta hanya kaza, a kan abin hawa kaza, gurbi biyar. Saiwoyinsa kusan 1,350 ne, an haɗo su daga Sinanci, Hindi, Ingilishi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Kada ganin Larabci a jerin ya sa ka zaci za ka tarar da kalmomin da ka sani daga Islamiyya. An narka sautukan harsunan shida wuri ɗaya har ba a gane asalinsu. Ɗalibin kwamfuta ko lissafi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere zai ji daɗinsa fiye da ɗalibin adabi.

Sai tunkuɗau. A nan amsar a sarari take: Na'vi, wanda Paul Frommer ya tsara don fim ɗin Avatar na 2009. Yana da guda uku, ana rubuta su kx, px da tx, kuma kx ɗin nan ita ce ƙ ɗinmu ta ƙasa da ƙarfe. Baturen da ke koyon Na'vi yakan sha fama kafin ya fitar da ita, yaron Jekadafari kuwa da ita ya tashi. Ta fuskar murya ma ya ci jarrabawa, domin an naɗe shi a bakin 'yan wasa da na mai shi, akwai ƙamus da darussa kyauta a intanet. A ganina, cikin harsunan da aka yi don fim, shi ne ya fi tara abin da ɗalibin nahawu zai so a wuri ɗaya. Yana amfani da ɗafa-ciki a aikatau: taron farauta, tolaron an gama farautar, tayaron za a yi ta. Mu ma muna cusa wasali a tsakiyar kalma, turmi ya zama turame, birni ya zama birane, amma a suna muke yi, shi a aikatau. Adadinsa huɗu ne, tilo da biyu da uku da jam'i. Wanda ya karanta musanna a Larabci ya riga ya san rabin zancen. Yana da "mu" iri biyu irin na Fulfulde. Yana kuma yi wa suna alama iri uku: wanda ya yi aiki shi kaɗai kamar barci ba a sa masa komai, wanda ya yi aiki a kan wani yana ɗaukar l, wanda aikin ya faɗa wa yana ɗaukar t. Wannan tsari yana da ƙaranci ƙwarai a harsunan al'umma. Ƙidayarsa ma takwas-takwas ce, domin halittun da aka yi wa harshen yatsu huɗu gare su a kowane hannu.

Haɗiyau kuwa, wato ɓ da ɗ, babu su a Esperanto, babu a Toki Pona, Lojban, Láadan, Na'vi ko Klingon. Klingon, harshen da aka yi don finafinan Star Trek, yana da wata D da ake rubutawa da babban baƙi, wasu na zaton ɗ ce, alhali naɗe harshe ake yi a furta ta, ba haɗiyar iska ba. Mai neman wannan siffa sai ya koma CALS ya tona cikin ƙananan harsuna, kuma ya yi shirin samun zane maimakon cikakken harshe.

Wanda sauyin baƙin farko na Fulfulde ya ja hankalinsa yana da zaɓi biyu. Na'vi yana da shi kaɗan, bayan ɗafin jam'i k kan koma h, t ta koma s. Wanda ya ginu a kansa sosai shi ne Sindarin na marubucin labarai J. R. R. Tolkien, da ya kwaikwayi harshen mutanen Wales: p na komawa b, t na komawa d, m na komawa v, gwargwadon kalmar da ta gabata, jam'i kuma da sauyin wasali ake yin sa, amon tudu, emyn tuddai. Matsalarsa ita ce Tolkien ya yi ta sauya shi har ya rasu a 1973 bai bar kammalallen nahawu ba, don haka da yawan abin da za ka gani a intanet cikon da masu sha'awa suka yi ne. Ɗalibi ya rarrabe abin da mai harshen ya rubuta da abin da aka cike masa kafin ya kafa hujja. Idan kuwa azuzuwan suna ne da tsawon wasali, a duba High Valyrian na David J. Peterson: jinsi huɗu da aka sa wa sunan wata, rana, ƙasa da ruwa, dogon wasali mai bambanta ma'ana, kuma akwai darasinsa a manhajar koyon harsuna ta Duolingo. Huɗu dai ba ta kama ƙafar Fulfulde mai azuzuwa sama da 20 ba.

Klingon, wanda Marc Okrand ya tsara kuma ƙamusunsa ya fito a 1985, an san shi da jerin kalmomi na baibai: karɓau, aikatau, sannan aikau. Puq legh vav kalma bayan kalma "yaro gani uba" ne, ma'anarsa kuwa uba ya ga yaro. A cikin harsuna sama da 1,300 da WALS ta duba ta wannan fuska, 11 ne kacal ke bin wannan jeri, kuma saboda ƙarancin nasa Okrand ya zaɓe shi. Abin da ba a cika faɗa ba, wanda kuma ya fi shafar mu, shi ne aikataunsa ba ya nuna lokaci, yanayin aiki yake nunawa: an gama, ko ana ciki, ko an gama da niyya. Haka Hausa take a mafi yawa. Muna cewa "jiya da na zo yana cin abinci", muna cewa "gobe war haka yana cin abinci", siga ɗaya ga jiya da gobe. Kundin da ya kwatanta Hausa da Klingon ta wannan fuska zai yi armashi. Amma don hira ban ba da shawararsa ba. Kalmominsa sun karkata ga yaƙi da jiragen sama jannati, abin da ya fi kusa da gaisuwa a cikinsa kuma "me kake so" ne, mu kuwa sai mun tambayi gajiya da iyali da aiki kafin mu shiga zance.

Biyu zan ambata a gurguje. Kēlen na Sylvia Sotomayor an gina shi ba tare da aikatau ba, wasu kalmomin dangantaka huɗu ke riƙe kowace jimla. Wanda ke son gwada da'awar cewa kowane harshe sai da aikatau, nan zai je. Ithkuil na John Quijada, da ya fara fitowa a 2004, kusan duk siffar da ka nema za ka tarar a wani fasalinsa, kuma wannan ne ya sa yake yawan fitowa a sakamakon nema. Fasalin 2011 yana da sigogin suna 96. Shi kansa Quijada bai yi da'awar iya hira da shi ba. Harshe ne na karantawa a yi nazari. Duk wanda zai kafa hujja da shi ya faɗi fasalin wace shekara yake nufi, domin an sake shi fiye da sau ɗaya kuma sautukansa sun sauya.

Yanzu ga wanda siffar da yake nema ita ce sauƙi da tsari marar togaciya, yana kuma son ya yi magana da mutane. Zaɓinsa tsakanin Esperanto ne da Toki Pona, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure.

Esperanto likitan ido L. L. Zamenhof ne ya wallafa shi a Warsaw a 1887, an yi babban taronsa na duniya na farko a Faransa a 1905. Kowane suna da o yake ƙarewa, kowace sifa da a, jam'i da j da ake furtawa kamar y. Mu da muke da gida gidaje, doki dawaki, littafi littattafai, mun san darajar jam'i guda ɗaya. Abin da zai fi yi wa Bahaushe daɗi shi ne ƙirar kalmarsa, domin ta yi kama da ɗafa-goshinmu na "ma-". Daga dafa muna samun madafa, daga buɗe mabuɗi, daga ɗinka maɗinki. Shi ma daga kuiri, dafa, yana samun kuirejo madafa da kuiristo mai dafawa. Daga kudri, ɗinka, yana samun kudrilo allura. Ɗafin mal kuma yana juya ma'ana, bona mai kyau, malbona marar kyau. Da saiwa kaɗan sai ka tara kalmomi masu yawa.

Wahalarsa gare mu a baki take. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa muka ce burodi da fursuna, Esperanto kuwa cike yake da irin knabo, yaro, da scii, sani. Yana raba p da f, waɗanda mu ba mu raba ba: festo biki ne, pesto annoba. Karɓau yana ɗaukar n a ƙarshe, wanda mai koyo kan manta. Kalmominsa kuma kusan duk na Turai ne, mafi yawa daga dangin Latin, don haka sauƙin da ake yi masa kirari da shi ya fi tabbata ga Bafaranshe ko ɗan Italiya. Wanda ya yi Ingilishi a makaranta zai gane wasu, wanda bai yi ba zai haddace su ne ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, babu wani ƙirƙirarren harshe da ya kama ƙafarsa wajen jama'a: littattafai, mujallu, waƙoƙi, Wikipedia mai maƙaloli sama da 300,000, darasin Duolingo tun 2015, har da iyalan da suka reni 'ya'yansu da shi.

Toki Pona kuwa Sonja Lang ta Kanada ce ta fitar da shi a 2001. Littafinsa na 2014 kalmomi 120 ya ƙunsa, ƙamusun 2021 ya kai muhimman zuwa 137. Haruffa 14 ne, baƙaƙe 9 da wasula 5, gaɓarsa kuma baƙi da wasali ce, wani lokaci da n a ƙarshe, daidai da bakinmu. Tunda babu f a cikinsa, yadda duk ka furta p za a gane ka. Babu jinsi, ona na nufin shi da ita da su. Babu lokaci a aikatau. Mota tomo tawa ce, ɗaki mai tafiya. Aboki jan pona, mutumin kirki. Cikin ɗan lokaci mutum zai haddace kalmomin duka, darussan ma ba su cin data.

Inda yake gazawa shi ne inda ake buƙatar daidaito. A tsarin ƙidayar littafin 2014, wan ɗaya ne, tu biyu, luka biyar, mute ashirin, ale ɗari, sai a yi ta tarawa: 27 shi ne mute luka tu. Gwada faɗin kuɗin buhun masara da wannan ka gani. Sauƙin haddar ma yana da farashi, domin nauyin ya koma kan mai sauraro, shi zai yi ta lalubo abin da kake nufi daga yanayin zance. Ni dai hukuncina shi ne: wanda ke son ɗanɗana ƙirƙirarren harshe, ko malamin da ke son nuna wa aji yadda nahawu ke aiki da kaya kaɗan, ya ɗauki Toki Pona. Wanda ke son karanta labarin duniya, ya yi muhawara, ya rubuta wa wani a Brazil ko Japan, Esperanto ne nasa, ya haƙura da knabo. Ido na 1907 da Interlingua na 1951 suna da nasu kyawun, amma jama'arsu ba ta kai ta Esperanto ba, kalmominsu kuma na Turai ne kamar nasa.

Akan tambaye ni ko akwai na Afirka. Akwai. K. A. Kumi Attobrah na Ghana ya fitar da Afrihili a 1970, ya ɗebo kalmomi daga harsunan nahiyar, musamman Swahili da Akan. Kowane suna a cikinsa da wasali yake farawa da wasali yake ƙarewa, jam'i kuma sai a mai da wasalin farko irin na ƙarshe: omulenzi yaro, imulenzi yara. Dabara ce mai kyau, kuma abin lura ne cewa ya bar karin sauti duk da yawansa a harsunan da ya ɗebo. A gida Najeriya akwai Guosa, wanda Alex Igbineweka ya fara a 1965, yana haɗa Hausa da Yarbanci da Ibo da wasu harsunan ƙasar. Su biyun sun faɗi a tambayata ta uku, rubutu da masu magana sun yi ƙaranci, amma ga mai binciken siyasar harshe a Afirka sun fi duk na sama amfani. Mai sha'awar ajami kuma ya nemi Balaibalan, wanda ake dangantawa ga Muhyi Gulshani, wani sufi na ƙarni na 16. Da haruffan Larabci aka rubuta shi, kalmominsa sun jingina da Larabci da Farisanci da Turkanci.

Saura marubuta. 'Yar'uwa mai rubuta labarin masarautar da ba a taɓa yi ba, abin da kike buƙata daga waɗannan harsuna siffofinsu ne, kalmomin ki ƙera naki. Klingon da Na'vi da High Valyrian suna ɗaure da kamfanonin fim. A ƙarar da Paramount da CBS suka shigar kan wani fim da masu sha'awar Star Trek suka shirya, a ƙarshen 2015, an lissafa harshen Klingon cikin abubuwan da ake da'awar mallaka. Ƙungiyar masu ƙirƙirar harshe ta Amurka ta rubuta wa kotu tana ja da hakan, aka sasanta a 2017 ba tare da an yanke hukunci kan harshen ba. Siffa kuwa ba ta da mai ita. Ki zaɓi biyu ko uku kawai, misali alamar inda aka samo labari irin ta Láadan, da "mu" iri biyu, da ɓ da ɗ ɗin da shahararrun nan suka bari. Ki rubuta jerin baƙaƙe da wasula da siffar gaɓa a shafi ɗaya kafin ki ƙirƙiri suna ko guda, yadda sunan sarki da na kogi da na bawa za su yi kama da 'yan harshe ɗaya. Idan akwai karin sauti, ki naɗi muryarki a waya kina furta kowace kalma ranar da kika ƙirƙire ta, domin rubutunmu na boko ba zai riƙe miki shi ba.